Halabino, Attaruhu Da Barkonon Kasuwannin Makka Da Jidda: Tambayoyi Da Amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni sana'ata girki ce, ina yin tuwo da waina da shinkafa a nan Makka ana zuwa ana ɗauka, musamman lokacin Umra da Hajji da baƙinmu ke yawa. To kusan duk wadda ta sauka sabuwa, amarya ce aka kawo ko wadda ta fara shugul, wato aikin gida, a gidan Larabawa, in dai maganar girki ce tambayarta ta farko ba ta wuce ta yaji, wai ta shiga kanti ta ga barkono kala-kala ta rasa wanda zata ɗauka, ta ɗauko wani kore mai ƙiba, wato halabino, ta zuba guda shida a miya amma maigida ya ce yau ko an manta da attaruhu ne. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a waya ina riƙe da muciya, shi yasa na zauna na tattara tambayoyin da amsoshinsu.

Wai mene ne wannan halabino ɗin, kuma ya ake faɗin sunan?

Barkono ne ɗan ƙasar Meksiko, kore shar mai sheƙi, tsawonsa kamar babban ɗan yatsa ko ya ɗan fi, fatarsa da kauri ga ruwa. Sunan ya samo shi daga garin Jalapa, babban birnin jihar Berakurus a can Meksiko. A jikin kwalba zaki ga an rubuta jalapeno, amma a Sifaniyanci wannan j ɗin ha ake karanta ta, sai ya zama halapenyo. Larabawa ba su da p sai suka mayar da shi halabino, mu ma da ba mu da ita sai muka bi su, in kika ce wa mai kanti jalafeno zai tsaya yana kallonki ne kawai.

A dangi kuwa ɗan uwan tattasai ne na jini, jinsinsu ɗaya da tattasai da shambo da wannan ƙaton koren da ake sa wa a salak. Attaruhu gidansu daban.

Zai iya tsaya min a madadin attaruhu a miya?

Gaskiya a'a, kuma wannan ita ce amsar da mutane ba sa son ji. Ba maganar yaji kaɗai ba ce, da yaji ne sai in ce ki ƙara yawa shikenan. Attaruhu yana da wani ƙamshi nasa, kin san wannan ƙamshin da ke tashi in jajjage ya faɗa cikin manja mai zafi har maƙwabta su san me ake dafawa, shi halabino bai da shi ko kaɗan, nasa ƙamshin na ɗanyen ganye ne kamar koren tattasai. In kika markaɗa shi da yawa cikin miyar dage-dage abu uku zasu faru: miyar zata tsinke saboda ruwansa, kalarta zata koma wata iri kamar ƙasa-ƙasa don kore da ja in sun haɗu ba sa bada kyau, sannan ta riƙa wani gafi-gafi da sai kin daɗe kina soyawa kafin ya tafi. Na taɓa yi a farkon zuwana, rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, na zuba kusan rabin leda a miyar mutum goma sha biyu, aka ci dai don yunwa amma wani dattijo ɗan Katsina da ya dawo da kula sai ya ce min Hajiya Allah ya yi albarka, amma miyar nan kamar ba ta yi sallama ba ta shigo. Har yau in na tuna sai na yi dariya.

In attaruhun ne babu gaba ɗaya ga abin da nake yi. Jan tattasai mai yawa don kala da kauri, sai ɗan siririn barkonon nan ja na Indiyawa guda uku ko huɗu don yaji, ko garin barkono, sai daddawa da citta da tafarnuwa su rufe gurbin ƙamshi. In kuma kina da attaruhu ko da guda ɗaya ne tal, ki jajjaga shi daban ki zuba a ƙarshe bayan miya ta soyu, guda ɗayan nan zai yi magana fiye da in kin markaɗa shi tun farko.

Miyar da halabino ke ɗan shiga ita ce mai kore dama, kuɓewa ɗanya ko alayyahu ko zogale. Kuka kam ki bar ta da barkononta busasshe.

Ance ana auna yaji da lamba, da gaske ne?

Da gaske ne. Wani mai haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, shi ya fito da hanyar a 1912, ana jiƙa barkono a ɗebi ruwansa a riƙa sirkawa da ruwan sukari ana ba mutane suna ɗanɗanawa har sai sun daina jin yajin, yawan sirkin da aka yi shi ne lambar. Yanzu na'ura ke yi amma sunansa bai bar ma'aunin ba.

Ƙaton tattasan salak sifili ne, babu komai. Halabino yana tsakanin 2,500 zuwa 8,000. Akwai ƙaninsa serrano, siriri ne ya fi shi, shi yana kaiwa 10,000 zuwa 23,000. Barkonon kayen (cayenne) da ake yin garin shatta, wato garin barkono, da shi 30,000 zuwa 50,000. Attaruhu da ɗan uwansa habanero kuwa daga 100,000 ne har 350,000. Kin ga kenan attaruhun da ya fi kowane sanyi ya ninka halabinon da ya fi kowane zafi sau goma sha biyu da ɗoriya, to ta ina guda shida zasu ji a miya?

Akwai waɗanda ma ba na ci ba ne, na gasa ne kawai. Wani na Indiya, bhut jolokia, ya haura miliyan 1, sannan a 2023 aka ba wani mai suna Pepper X kambun duniya da kusan miliyan 2.69, wani Ba'amurke Ed Currie ya haɗa irin. Ni dai ban ga abin da mutum zai dafa da wannan ba sai neman magana.

Me yasa na saya yau ya yi yaji, na saya wani satin kamar kokwamba?

Ai shi barkono sai an tauna ake sanin yajinsa, Hausawa ba su yi ƙarya ba. Dalilan suna da yawa. Na farko iri, akwai wanda aka haɗa musamman don ya yi sanyi, jami'ar Texas A&M a Amurka ta fitar da irin haka tun farkon shekarun 1980 saboda kamfanonin da ke sa shi a kwalba sun fi son mai sanyi, su ƙara yajin da kansu daidai yadda suke so. Na biyu ruwa, itacen da ya sha ruwa ya ƙoshi 'ya'yansa lami suke fitowa, wanda ya sha ƙishi da rana ya fi faɗa. Na uku tsufa a jikin uwa. In kin duba zaki ga wasu da ɗan zane-zane fari ko ruwan ƙasa a jiki kamar kaushin ƙafa, mutane na gudunsa suna zaton ya lalace, alhali alama ce ya ƙosa, kuma sau da yawa shi ya fi yaji. Ni shi nake tsincewa.

Dabara ɗaya ce, kafin ki zuba ki yanki ɗan kaɗan daga wajen hancin ki taɓa a harshe. Wajen hancin fa, ba tsinin ba, tsinin kullum ya fi sanyi zai yaudare ki.

'Ya'yan ne ke ɗauke da yajin ko?

Haka muka taso muna ji amma ba su ba ne. Sinadarin da ke kawo yajin, kafsaisin, a jikin farar jijiyar nan ta ciki da 'ya'yan ke maƙale yake, 'ya'yan shafa kawai suke yi saboda zama wuri ɗaya. In kina son rage yaji ki tsaga shi biyu ki kankare farin da ƙaramin cokali. In kika zubar da 'ya'ya kika bar farin aikin banza kika yi.

Kore da ja iri biyu ne?

Ɗaya ne. Kore ɗanye ne, in aka bar shi a uwa zai yi duhu sannan ya koma ja, kuma jan ya fi ɗan zaƙi-zaƙi. Jan ya fi dacewa da miyarmu in kin dace da shi, sai dai ba a cika kawo shi ba don ba ya jure ajiya. Jan da aka busar da hayaƙi shi ne chipotle da kike gani a rubuce a jikin wasu miyoyin kwalba da gidajen baga, ƙamshinsa kamar na banda.

In na je halaga (kasuwar kayan gwari) ko baƙala (ƙaramin kantin unguwa) me zan ce a ba ni?

Filfil shi ne barkono gaba ɗaya. Filfil har mai yaji, filfil barid mara yaji, filfil rumi shi ne ƙaton na salak mai kore da ja da ɗorawa. Filfil aswad kuma masoron Turawa ne baƙi, kada ki ruɗe. In mai kayan ɗan Yaman ne zaki ji ya ce bisbas. Mutanen Najdu suna cewa habhar, akwai ma garin Shaƙra a yankin Riyad da ya yi suna da noman shi har biki suke masa duk shekara. Shatta kuma kalma ce mai faɗi, garin barkono shatta ne, na kwalba mai ruwa irin su Crystal da Tabasco shatta ne, wanda 'yan Sudan ke kwaɓawa da lemon tsami da gishiri, wani lokacin da dakwa wato tunkuzar gyaɗa mai mai, shi ma shatta ne.

Ɗanyen halabino an fi samunsa a manyan kantuna irin su Danube da Panda da Bin Dawood da Lulu, ƙananan baƙala na kwalba suka fi ajiyewa. A halagar Ka'akiyya kuwa abin da ya cika wuri shi ne dogon koren nan siriri, wanda ake sayarwa kwali-kwali, kuma don Allah kada sirantarsa ta sa ki raina shi, yawanci ya fi halabino yaji nesa ba kusa ba.

Attaruhu kuma ki nemi matanmu masu kasa kaya a unguwannin da muka yi yawa irin su Sharar Mansur, wajen da kike sayen kuka da daddawa nan ne. A manyan kantuna in kin ga an rubuta habanero a ɗan ƙaramin roba to ɗan uwansa ne na kusa, ƙamshin kusan ɗaya, kuɗin ne dai sai kin runtse ido.

Na kwalba da ɗanye duk ɗaya ne a girki?

Ko kusa. Na kwalba mukallal ne, wato ya kwana cikin khal (binega) da gishiri, tsaminsa ya fi yajinsa. Wurinsa a kan shawarma, sanwici, fiza, ko gefen farantin soyayyar kazar burosted. Kada ki zuba shi a miyar tumatir, tsami kan tsami ne sai kin nemi kanwa. Amma ruwan cikin kwalbar kada ki zubar, ki jiƙa kaza da shi na awa biyu kafin ki soya ki gani.

Zan iya yin mukallal ɗin da kaina? Kuma shi khal ɗin ya halatta?

Khal dai abinci ne da Annabi (SAW) da kansa ya yaba, yana cikin Sahihu Muslim cewa madalla da mahaɗi khal, don haka hankalinki ya kwanta.

Yin sa kuwa bai kai dafa indomi wahala ba. Halabino rabin kilo ki wanke ki yanka zobe-zobe, kaurin kamar tsabar riyal biyu a haɗe. A tukunya ki zuba farin khal kofi 1 da rabi, ruwa kofi 1 da rabi, gishiri babban cokali 1 da rabi, sukari babban cokali 2, tafarnuwa ƙwaya huɗu a fasa. Ya tafasa ki sauke, ki zuba barkonon ki bar shi minti goma, zaki ga koren ya koma kalar zaitun to haka ake so. Sai ki juye a kwalbar gilas da kika wanke da tafasasshen ruwa, ruwan ya rufe kan barkonon, ya huce ki sa a talaja, wato firij. Washegari an fara ci. Ina ƙara karas da albasa a nawa, yarana karas ɗin suke tsincewa su bar min barkonon.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki rage khal ki ƙara ruwa don tsumulmula, tsamin ne ke tsare shi. Sannan wannan na talaja ne, ki cinye cikin wata guda, ba irin na kamfani ba ne da zai zauna a kanta. Kuma masu zuba ɗanyen barkono da tafarnuwa cikin man zaitun su ajiye a kicin da zafin nan namu, don Allah ku daina, a irin wannan wurin da ba iska ba tsami ƙwayar botulizim ke yin guba, ba ta wari ba ta canza kala kuma tana kisa.

To me zan dafa da ɗanyen?

Yawwa, nan ne yake da daraja, ki ɗauke shi a matsayin kayan lambu mai ɗan faɗa. Daggus, ɗanyar miyar yajin nan da ake ci da shinkafar kabsa da bukhari da mandi, tumatir uku, halabino biyu, tafarnuwa, ganyen kuzbara (coriander), gishiri da lemon tsami, ki ɗan buga a blanda kada ya yi laushi lilis, ya fi wanda ake baki a ƙaramin roba a mat'am, wato gidan abinci. Sahawiƙ, irin daggus ɗin 'yan Yaman, ma haka, da ɗan kamun (cumin). A kan ful da tamis da safe ki yanka shi ƙanana da albasa. Wainar ƙwai, cikin sambusa, mutabbaƙ, duk yana shiga don ba ya ƙona baki yana kuma bada ɗan ƙaras-ƙaras.

A namu abincin kuma, gefen tsire ne ya fi burge ni. Kin san tsirenmu ne mutanen Hijaz ke kira siriya, 'yan Sudan kuma suna da agashe, duk kakansu ɗaya, naman da ƙuli da yaji. To maimakon ɗanyen attaruhu da ba kowa ke iyawa ba, ki yanka halabino da albasa da tumatir a gefe. Kwaɗon rama ko zogale, ɗanwake, dambun shinkafa, shinkafa da wake da mai, ki watsa shi ɗanye a sama. A ƙullin ƙosai ma yana yi in baƙi zaki ba waɗanda ba su saba da yaji ba, sai dai ki rage ruwan markaɗe don shi ma zai kawo nasa.

Wani abin da na koya a gidan da na taɓa aiki, a gasa shi a kan wutar gas kai tsaye har fatar ta yi baƙi, a rufe a kwano minti biyar a murje baƙin, a daka da tafarnuwa da gishiri da man zaitun. Gafin nan duk ya tafi, ya koma wani abu daban. A ci da gasasshen kifi a ranar.

Ina aiki a gidan da ba sa cin yaji amma madam ta ce in yi musu abincinmu, ya zan yi?

Halabino aka yi domin ke. Ki kankare farin ciki, guda ɗaya ya isa tukunyar dafa-duka ta mutum shida, sai ki ajiye yajinki na gari a gefe wanda ya ga zai iya ya ɗiba. Kada ki auna da harshenki, abin da ke a wajenki babu komai ne su hawaye zai sa su.

Hannuna na ta raɗaɗi tun da na yanka, na wanke da ruwa bai daina ba.

Ruwa ba zai yi ba, kafsaisin ɗan gidan mai ne, ba ya narkewa a ruwa. Ki shafa man girki a hannun ki murza sosai har ƙarƙashin farce, sannan ki wanke da sabulun wanke-wanke, ki maimaita sau biyu ko uku. In bai bari ba ki tsoma hannun a laban, wato nonon kanti, mai sanyi. Kada ki yi da ruwan zafi, ƙara hura wutar yake, kuma kin san ruwan famfon nan da rana kamar daga kan murhu yake fitowa.

Bari in baki labari don ki kiyaye. Wata rana a Ramadan na gama jajjagen attaruhu da hannu, na ɗauraye sama-sama, aka kira La'asar na tafi alwala. Na kurkure baki lafiya, ina sheƙa ruwa a hanci sai na ji kamar an tura min garwashi, kafin in ankara na riga na wanke fuska, ido ya ɗauka. Ga azumi ba damar in sha komai, ga hawaye ga majina, 'yata tana tsaye tana cewa Umma waye ya rasu. Sai da na yi kusan minti ashirin ina zuba ruwa a ido kafin na iya buɗewa. Tun ranar ko dai in yi alwala kafin jajjage ko in sa safar leda, kwalinta ba tsada a kowace baƙala. Masu goyo ku ma ku tuna kafin ku ɗauki jariri ko ku canza masa famfas, masu sa gilashin cikin ido kuma ku cire shi kafin ku fara.

In ya shiga ido ruwa mai tsabta mai yawa ne magani, a yi ta zubawa, banda murzawa. In ya wuce awa ido bai lafa ba a je asibiti.

Baki fa in ya ɗauka? Da miyar da yaji ya yi mata yawa?

Baki: laban, madara, zabadi wato yogot, ko nono in kina da shi. Akwai wani sinadari a madara da ke kama yajin ya wanke shi daga harshe. Lomar shinkafa ko burodi ko ɗan sukari suna taimakawa. Ruwan sanyi daɗin minti ɗaya ne, lemon kwalba mai gas kuwa wani lokacin ƙarawa yake.

Abin mamaki wai ba ƙonewa bakin ke yi ba, yajin yana taɓa jijiyar da ke jin zafin wuta ne sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wuta ce, shi yasa ake gumi. Wanda ya gano wannan, David Julius, har kyautar Nobel ya samu a 2021. Tsuntsaye kuma ba sa ji sam, shi yasa suke cinye barkono a gona hankali kwance su je su kasayar da irin a wani wuri.

Miya kuwa babu abin da ke cire yajin da ya riga ya shiga, sai dai a yawaita ta. Ki soya wani tumatir da albasa da tattasai ba yaji ki haɗa. In miyar da zata karɓi gyaɗa ce ki dama gyaɗa ki zuba, ita ta fi komai kwantar da shi. Maganar jefa dankali ya tsotse yaji na gwada ba sau ɗaya ba, dankalin dai ya yi yaji, miyar ma tana nan yadda take.

Yana kawo olsa da basir? Mai ciki fa, da mai azumi?

Olsa yawanci wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, H. pylori, ko yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, wanda mu masu aikin tsaye muke sha kamar gyaɗa. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da maganar ƙwayar, suka samu Nobel a 2005. Yaji ba shi ya haƙa ramin ba, amma in ramin na nan zai iya tsokano miki zafin, haka mai ƙwannafi. Basir ma ba shi ke kawowa ba, sai dai abin da ya shiga da zafi da zafi yake fita, wadda ke fama ta rage.

Mai ciki in ta saba ci ba ya taɓa ɗan, ƙwannafi ne dai zai dame ta a watannin ƙarshe. In likitarki ta hana ki to ki bi maganarta ki bar tawa.

Azumi kuwa ni a sahur ba na sa na kwalba ko kaɗan, gishirin da ke ciki ya fi yajin jawo ƙishi, kuma wanda ya yi azumi a Makka da zafi ya san me nake nufi. A bar shi sai bayan Tarawi.

Ya zan ajiye shi ya daɗe?

Kada ki wanke sai zaki yi amfani. Ki naɗe a tishu ki sa a leda a ƙasan talaja, zai yi sati ɗaya zuwa biyu. In ya yi yawa ki yanka ki baza a faranti a firiza, ya daskare ki juye a leda, zai yi watanni sai dai in ya saki ba na salak ba ne kuma, na girki ne. Attaruhu ma haka nake masa in na samu da yawa, ina cire hanci in daskarar da shi ɗai-ɗai, in gurza shi a greta yana daskare, ko idona ba ya shiga.

Shanya kam halabino ba ya so, naman ya yi kauri, kafin ya bushe ciki ya yi fumfuna, musamman a Jidda da iskar teku ke da laima. Dalilin da yasa mutanen Meksiko ke masa hayaƙi kenan. Siraran su ake shanyawa, kwana kaɗan a saman bene sun yi ƙarau. Duk barkonon da kika fasa kika ga baƙi ko fari-fari kamar auduga a ciki ki zubar, kada ki ce daka zai ɓoye.

Zai fito in na shuka a saman bene?

Zai fito amma ki san lokaci. Da zafi ya haura digiri 35 fure yake zubarwa, ki ga itace kore shar ba ɗa ko ɗaya, a Makka kuwa da bazara ana wuce 40 ba wasa. Ki shuka wajen Oktoba in gari ya fara sauƙi, ki ci amfaninsa cikin sanyi. Daga dashe zuwa tsinka kamar kwana 70 zuwa 80. Bokitin fenti da aka huda ƙasansa ya isa, rana ta safe, inuwa da azahar. Mutanen Ɗa'if su kam Allah ya ba su, garinsu kan dutse ne da sanyi.

Irin kuma daga jan da ya nuna ake ɗiba, 'ya'yan kore ba su ƙosa ba yawanci ba sa tsirowa. Attaruhu ya fi shi nawa, wani sai ya yi sati uku bai leƙo ba, kada ki zubar da ƙasar ki ce ya mutu.

Wata ta ce min wai barkono ba namu ba ne asali, har attaruhu?

Ta yi gaskiya, ni ma da na fara ji sai da na yi musu. Duk wani barkono mai yaji, da tattasai da attaruhu, daga nahiyar Amurka ya fito, ba a san shi a Afirka da Indiya da ƙasar Larabawa ba sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492, Turawan Fotugal suka riƙa yawo da shi a jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka da Indiya. Tumatir da rogo da masara da gyaɗa ma duk ta can suka zo. Kafin nan kakanninmu da masoro da citta da kimba suke ɗumama miya, waɗanda har yanzu su ne ƙashin bayan yajin jego da kunun kanwa. Wato alhazan da suka zo a ƙafa zamanin Mansa Musa a 1324 ko ƙwayar barkono ɗaya babu a guzurinsu.

Yajin da aka kawo min daga gida ya fara dunƙulewa, ya lalace ne?

Ki shinshina. In ƙamshin ƙuli da citta na nan laima ce kawai ta taɓa shi, ki baza a tire ki sa a oven da wuta ƙasa-ƙasa minti goma, ya huce ki tankaɗe ki zuba a kwalba mai murfi. In ya fara warin tsohon mai to ƙulin ne ya juya, babu gyara. Ni ina raba nawa gida biyu, kaɗan a kicin, sauran a firiza cikin leda biyu, don alhajin da zai kawo wani sai wata shekarar.